Kwamfutar Yayana Tana Zafi Tana Kashe Kanta, Laifin Kuma Ya Faɗo Kaina

"Assalamu alaikum Malam. Yayana ne ya bar mini kwamfutarsa ta tebur da aiki ya kai shi wani gari, da sharaɗin in riƙa sana'ata ta haɗa bidiyo da ita, in kula masa da ita har ya dawo. Ta kai shekara huɗu a hannunsa, ba a taɓa kai ta gyara ba. Wata biyu ke nan da ta tsiro da wani hali: da zarar na fara fitar da bidiyo sai fanka ta ɗauki ƙara, komai ya yi nauyi, bayan kamar rabin sa'a ta mutu ɗif ba gargaɗi. In na bar ta ta huce sai ta tashi lafiya lau. Wata rana na buɗe ta, na cire fankar da ƙarfen da ke kan firosesa don in ga abin da ke ƙasa, na mayar yadda na same shi. Tun daga ranar abin ya ƙaru, yanzu ko minti goma ba ta yi. Na kira wani mai gyara a waya, ya ce firosesa ce ta ƙone, ko in sayi sabuwa ko a canza kwamfutar gaba ɗaya. Yayana kuma ya ce wasannin kwamfuta nake kwana yi har na kashe masa ita. Ban gaya masa na buɗe ta ba, kunya da tsoro sun hana ni. Ga aikin mutane a ciki, sai kirana suke yi. Don Allah me zan yi?"

Daga wani matashi, mun sakaya sunansa.

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka tukuna, domin a cikin wasiƙarka akwai magana guda da ta isa ta rage maka rabin damuwar: ka ce in ta huce tana tashi lafiya lau. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma wadda ta ƙone ba ta tashi. Za ka danna maɓalli, fanka ta juya ko ta ƙi, allo ya zauna baƙi, shi ke nan. Wadda ke tashi, ta buɗe Windows, ta yi aiki na ɗan lokaci sannan ta mutu, tana nan da ranta. Mutuwar da kake gani kāriya ce da aka gina a cikinta tun daga masana'anta. Tun zamanin firosesar Pentium 4, wadda kamfanin Intel ya fitar a shekarar 2000, firosesa tana iya auna zafin jikinta ta rage gudu da kanta idan ya yi yawa. Nauyin da kake ji kafin ta mutu shi ne wannan rage gudun. Idan ta rage gudu zafin bai sauka ba, sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kada ta lalace. Ke nan abin da ke gabanka matsalar sanyaya ce, kuma tana cikin matsalolin da suka fi sauƙin gyara a kwamfutar tebur.

Kafin ka taɓa sukundireba, ka fara da aikin mutane. Kunna ta da safe ko da dare lokacin da ɗaki ya yi sanyi, kada ka buɗe manhajar bidiyo, ka kwashe fayilolin da ke da muhimmanci zuwa filas ko hadi na waje. Kwafe fayil ba ya wahalar da firosesa sosai, don haka akwai yiwuwar ta jure. In kana shakka, cire murfin gefe ka saita mata fankar ɗaki har ka gama. Ina sa wannan a gaba ne saboda mutuwar ba-zata tana iya ɓata fayil idan ta zo daidai lokacin da ake rubuta shi, kuma aikin da wani ya ba ka amana ya fi kowane ƙarfe da ke cikin akwatin nan wuyar mayarwa.

Bayan haka sai awo. Har yanzu kai da yayanka da mai gyara duk hasashe kuke yi, ba wanda ya ga lamba. Sauke ƙaramar manhaja irin su Core Temp ko HWiNFO, kyauta ne, kuma ka ɗauko su daga shafin masu su kai tsaye. Bar kwamfutar minti biyar ba ka yin komai, ka rubuta zafin da ta nuna. Firosesa mai lafiya da ba ta aiki takan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon zafin ɗaki. A ƙarƙashin aiki mai nauyi kamar fitar da bidiyo, digiri 70 zuwa 85 ba abin tsoro ba ne. Yawancin firosesocin Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ce, na Ryzen da kamfanin AMD ke ƙerawa kuwa 90 ko 95 gwargwadon samfuri, kuma a nan ne suke fara rage gudu. Abin da nake tsammanin za ka gani shi ne lambar tana sama da 60 tun kafin ka fara aiki, sannan ta yi tsalle zuwa 95 ko 100 cikin daƙiƙoƙi da zarar ka danna fitar da bidiyo. Yadda lambar ke hawa yana da labari a cikinsa. Idan a hankali take hawa cikin minti ashirin ko talatin, iska ce ba ta fita daga akwati, wato ƙura ko fanka mai rauni. Idan kuwa tsalle take yi nan take, ƙarfen sanyaya ne bai zauna daidai a kan firosesa ba. Ɗauki hoton allon da wayarka, za ka buƙace shi nan gaba.

Ka leƙa Task Manager ma, wato tagar Windows da ke nuna abin da ke aiki a kwamfuta, ana buɗe shi da Ctrl da Shift da Esc a haɗe. Idan ba ka buɗe komai ba amma firosesa tana nuna kashi 80 ko 100 cikin ɗari, akwai abin da ke cin ta a ɓoye. Akwai muggan manhajoji da ke shigowa tare da manhajojin sata su riƙa haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutum bai sani ba, kuma zafi yana cikin alamominsu na farko. In ka ga haka, binciken riga-kafin da ke cikin Windows shi ne matakin farko.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganina labarinka hawa biyu ne. Hawa na farko ba laifinka ba ne ko kaɗan. Kwamfutar da ta yi shekara huɗu ba a buɗe ta ba, ƙura ta riga ta cika tsakanin siraran faranta na ƙarfen sanyaya. Idan ka haska tocila ta bayan fanka za ka ga ta yi kauri ta toshe hanyar iska, fanka tana ta juyi tana ƙara amma iskar ba ta ratsawa. A cikin waɗannan shekarun kuma man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen, wanda masu gyara ke kira tamal fes, ya fara bushewa. Da a hannun yayanka take a wannan lokacin, da shi ma haka za ta yi masa.

Hawa na biyu kuwa daga hannunka ya fito, kuma gara in gaya maka kai tsaye. Fuskar firosesa da ta ƙarfen sanyaya suna da santsi a ido, amma akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Aikin man shi ne ya cike su ya kori iska, domin iska ba ta ɗaukar zafi da kyau. Da ka ɗaga ƙarfen, busasshen man ya tsage ya rabu biyu, da ka mayar kuma sai iska ta shiga tsakanin tsagogin. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da aka ɗaga wannan ƙarfe, sai an goge tsohon mai an sa sabo. Akwai kuma yiwuwar ɗaya daga cikin ƙafafu huɗun da ke riƙe ƙarfen bai shiga ba. Shi ya sa rabin sa'a ta koma minti goma. Kuskure ne da kusan duk wanda ya fara buɗe kwamfuta yake yi, kuma ɗan bututun mai guda ɗaya yana gyara shi.

Idan ka yanke shawarar yi da kanka, bayan ka yi magana da mai ita, ga yadda za ka bi. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Kwantar da akwatin a kan tebur, ka taɓa ƙarfen jikinsa kafin ka sa hannu ciki, ka riƙa maimaita haka, saboda ɗan lantarkin da jiki ke tarawa yana iya illata madabod, wato babban allon da ake haɗa sauran kayan ciki a jikinsa. Ɗauki hoton cikin kafin ka cire komai. Ƙurar ka fitar da ita da buroshi mai laushi da abin hura iska, a waje in da hali. Riƙe fuka-fukan fanka da yatsa yayin da kake hurawa, kada ka bari iska ta riƙa juya ta da ƙarfi, yana lalata mata gindi. Kada ka manta da ragar gaban akwati da ta ƙasansa, da fankar katin hoto, wato katin da ke sarrafa hoton da kake gani a allo.

Wajen cire ƙarfen sanyaya, ka fara zare 'yar wayar fanka daga madabod. Idan firosesar AMD ce mai ƙafafu a jikinta, irin ta soket AM4 (soket shi ne mazaunin firosesa a jikin madabod), ka kula sosai: busasshen mai yakan manne ta da ƙarfen, in ka ja sama da ƙarfi ta fito tare da shi ƙafafunta su lanƙwashe. Ka kunna kwamfutar na 'yan mintoci kafin ka fara aikin gaba ɗaya don man ya yi laushi, ka kashe ta ka zare wuta, sannan ka murɗa ƙarfen dama da hagu a hankali har ya saki. Firosesar kanta kada ka cire ta daga mazauninta, babu buƙata. A na Intel ƙafafun suna cikin soket ne, sirara ƙwarai, kuma lanƙwasa guda ɗaya na iya jawo canza madabod.

Goge tsohon man daga fuskokin biyu da sifirit na isofurofil mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Ci gaba da gogewa har ƙarfe ya fito fes, ka bari ya bushe. Kada ka kankare da wuƙa ko reza. Sai ka ɗiga sabon mai a tsakiyar firosesa, kwatankwacin ƙwayar wake guda, ba sai ka baza shi da yatsa ba, nauyin ƙarfen zai baza shi. Wasu za su ce maka man goge baki ko man giris yana yi. Kada ka saurare su, man goge baki bushewa yake yi cikin ɗan lokaci ka koma inda ka fito.

Mayar da ƙarfen shi ne inda aka fi samun matsala, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Idan fankar Intel ce da ke zuwa tare da firosesa, tana da ƙafafu huɗu na roba, kowace da baƙin kai mai alamar kibiya da farin baki mai tsagu biyu. Kibiyar tana nuna hanyar kwancewa ne. Kafin ka mayar, ja kowane baƙin kai sama, ka murɗa shi saɓanin kibiyar, ka tabbata fararen bakunan huɗu sun shiga ramukan madabod ba wanda ya lanƙwashe. Sannan ka danna biyu da ke kallon juna ta kusurwa, ka ji sun yi ƙas, ka danna sauran biyun. Idan mai sukurori ne, haka nan za ka bi su ta kusurwa, kowanne juyi biyu ka koma na gaba, har su ɗaure tare, kada ka ɗaure ɗaya tamau ka bar sauran. In ka gama, kama ƙarfen ka ɗan girgiza. Bai kamata ya motsa ba. Idan sabon ƙarfe ka saya, duba ƙasansa, yawanci akwai leda mai haske a manne da sai an ɓare ta. A ƙarshe mayar da wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN a jikin madabod, ka kunna da murfi a buɗe ka ga fankar tana juyawa da idonka.

Ba ka faɗi irin sanyayar da ke ciki ba, amma daga bayaninka ta iska ce. Idan ta ruwa ce mai bututu biyu, ka taɓa bututun yayin da take aiki. In ɗaya ya yi zafi sosai ɗayan yana sanyi, kuma ba ka jin ɗan motsin famfo a kan firosesa, famfon ne ya mutu, sai dai a canza na'urar sanyayar.

Dubi inda ka ajiye ta kuma. Akwatin da aka cusa cikin durowa rufaffiya, ko aka manna bayansa da bango, iskarsa mai zafi yake sake shaƙa. Ka bar masa tazarar taƙi guda a baya, ka ɗaga shi daga kan kafet. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama, haka aka tsara yawancin akwatuna. In kana zargin an taɓa ƙara wa firosesar gudu fiye da na masana'anta, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, galibi da maɓallin Del ko F2 lokacin tashi, ka mayar da saiti na asali.

Akwai hanyar lallaɓawa idan aikin wani ya matsa kafin ka samu man. A cikin saitin wuta na Windows akwai wurin da ake ƙayyade iyakar ƙarfin firosesa. Idan ka sauke shi daga 100 zuwa 99, a kwamfutoci da yawa wannan yana hana ta ƙarin gudun da take yi da kanta, zafi ya sauka sosai. Kana iya saukewa har 80. Bidiyo zai ɗauki lokaci kafin ya fita, amma zai fita. Na kwana biyu ne wannan, kada ka mayar da shi gyara.

Idan kuma awo ya nuna zafin bai wuce digiri 80 ba amma tana ci gaba da mutuwa, to a juya ido zuwa akwatin wutar da ke raba wa kayan ciki lantarki, ko katin hoto, wanda HWiNFO ke nuna zafinsa shi ma. Akwatin wuta da ya tsufa yakan gaza daidai lokacin da aiki ya yi nauyi, alamarsa kuma tana kama da ta zafi. Wannan kam ina roƙonka kada ka buɗe shi. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango. Ana gwada shi ne ta hanyar sa wani a madadinsa, kuma aikin mai gyara ne.

Shi mai gyaran da ka kira, ba zan ce ya yi niyyar cutar ka ba. A waya kuka yi magana, bai ga kwamfutar ba, wataƙila kuma ba ka gaya masa ka ɗaga ƙarfen ba, wanda shi ne bayanin da ya fi kowane muhimmanci. Amma hukuncin da ya yanke bai dace da alamomin ba, kuma ba a sayen firosesa a kan maganar waya. Ko da ka sayi sabuwa ka ɗora mata ƙarfe mai ƙura wanda bai zauna ba, zafin nan za ta yi. Idan hannunka yana rawa game da aikin da na bayyana, babu kunya a kai ta wurin gwani. Ka gaya masa duk abin da ya faru, ka ce a share ƙura a canza mai, a yi a gabanka, a nuna maka zafin kafin da bayan. Mai gyara na ƙwarai ba zai ƙi wannan ba. Aikin bai kai sa'a guda ba.

Yanzu maganar da na san ta fi damun ka. Yayanka yana nesa, ya bar maka abin da ya tara kuɗi ya saya, sai kawai ya ji labarin ta lalace. Ba shi da hanyar gani, sai ya kama dalilin da ya fi kusa da tunaninsa. Zargin wasa bai tsaya ba, domin wasa ba ya kashe kwamfutar da sanyayarta ke aiki, kuma fitar da bidiyo sau da yawa ya fi wasa matsa wa firosesa. A nan an yi maka rashin adalci, kuma na fahimci zafin da ka ji. Sai dai kai ma kana riƙe da abin da yake da haƙƙin sani. Kayansa ne, ka buɗe ba ka tambaye shi ba, kuma buɗewar ta ƙara matsalar. Idan ka gyara a ɓoye ka yi shiru, ranar da ya gano, maganar za ta tashi daga kan kwamfuta ta koma kan amana, wadda ta fi wuyar gyara.

Kira shi kafin ka taɓa komai. Ka zaɓi lokacin da ya tashi daga aiki ya huta, ka tura masa hoton lambobin da hoton ƙurar tukuna, domin gani ya kori ji. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, na auna, zafi ne ke kashe ta, firosesa ba ta ƙone ba. Ƙura ce da man da ya bushe. Amma akwai abin da ban gaya maka ba: na buɗe ta na ɗaga fankar ban sa sabon mai ba, shi ya ƙara abin. Ka yi haƙuri. Ka fi so in gyara da kaina ko in kai wa mai gyara?" Ka fara da naka laifin kafin ka kare kanka daga zargin wasa, ko ma ka bar hotunan su kare ka. Kuɗin man ka ɗauke shi a kanka, kaɗan ne, kuma kai ke cin moriyar na'urar. Zai iya yin faɗa, ka bar shi ya yi ya sauka. In ya ce kada ka sake taɓa ta sai mai gyara, ka bi, kayansa ne. In kuma ya zama sai an sayi sabon ƙarfen sanyaya ko akwatin wuta, wannan tsufa ne na shekara huɗu, ku zauna ku raba gwargwadon hali.

Masu aiki kuma kada ka ƙi ɗaukar wayarsu. Gaya musu na'ura ta samu matsala, fayilolinsu suna nan ka adana su, ka ba su ranar da ka tabbata za ka iya cikawa, ka ƙara kwana ɗaya a kai don ko-ta-kwana. Wanda aikinsa ba zai jira ba, ka nemi aron kwamfutar abokin sana'a ka fitar masa, ko ka yi amfani da dabarar rage ƙarfi da na faɗa.

Bayan an gyara, sake gwada bidiyon da ya saba kashe ta, Core Temp yana buɗe a gefe, ka bar shi ya kai ƙarshe. Idan ta tsaya ƙasa da digiri 85, an gama, sai ka riƙa hure ƙurar duk bayan wata uku zuwa shida. Idan har yanzu tana taɓa 95 duk da sabon mai da ƙafafu huɗu a zaune, ƙarfen ya yi wa aikinka kaɗan, sai a nemi babba mai bututun tagulla wanda ya dace da soket ɗinka, a auna tsayinsa kuma kada murfin akwati ya ƙi rufuwa. Ka rubuto mini sunan firosesar da lambobi biyun, na lokacin hutu da na lokacin aiki, in taya ka duba wanda zai dace. Allah ya daidaita tsakaninka da Yaya.